Transisto Mai Yunwa

Wane ne a cikinku ya ce aikin nan cire-ka-sa ne? Kai ne, Habu? To, aje ƙarfen likin nan ka zauna, kuma ka saki shuɗin tsumman da ke ɗaure a hannun akwatin can, ba na goge hannu ba ne. Ku ma ku matso. Tun da safe nake jin ƙus-ƙus ɗinku don na ce a hau da rediyon mutumin Tazruk bisa rufin kwano a shanya ta kafin a miƙa masa. Wai tsoho ya fara ruɗewa, yana shanya rediyo kamar kilishi. Ni Isuhu, Mai Shanya ake kirana a Tamanrasat tun ba a yaye wasunku ba, kuma sunan bai taɓa yi mini ciwo ba. Yau za ku ji dalilin shanyar, don na gaji da ganin haƙoranku a waje.

Aikin farko da na taɓa da hannuna na'urar lasifikar wani masallaci ce daga Silet. Lokacin ban daɗe da barin ɗaukar siminti ba. Daga Tasawa na zo aikin gini kamar kowa, bayana ya ƙi, sai wani tsohon Balarabe mutumin In Salah, Si Tayyib, ya ɗauke ni shara a shagonsa na gyaran rediyo a unguwar Tahaggart. Mutanen Silet suka kawo na'urar suna faɗa. Da asuba muryar ladan tangaran, da azahar sai ta shaƙe tana gurnani, har wasu sun fara cewa ladan ne ke cin taba bayan hantsi. Si Tayyib ya ce in duba. Na jona ta da sanyin safiya, na yi magana a ciki, murya ta fita ras. Na ce masa lafiyarta lau. Sai ya kinkime ta ya hau da ita rufin shago, ya aje a rana, ya sauko ya dafa shayinsa. Da rana ta take ya ce, "Ya wulidi, ɗana, hau ka yi kiran salla." Na hau, na buɗe baki, abin da ya fito ko jaki ba zai yarda nasa ba ne.

A ranar ya zaunar da ni ya ɗora mini transisto a tafin hannu, irin babban nan mai hular ƙarfe. Ya ce in ɗauke shi kamar bakin kwatar ruwa a lambu. Hanya uku gare shi: ta ɗaya kuran, wato wutar lantarki, ke shiga, ta ɗaya yake fita, ta ukun ita ce bakinsa, nan kake ciyar da shi. Ka ba shi kuran kaɗan a baki, ya buɗe wa babban kuran hanya kaɗan. Ka ƙara, ya ƙara buɗewa. Ka yi ta ƙarawa har ya kai inda ya buɗe gaba ɗaya, ko ka ɗura masa duk kuran ɗin garin nan ba abin da zai ƙaru. Masu littafi na ce wa wannan satirasiyo, ni na sa masa suna ƙoshi. A lasifika ba ka son ya kai can, don murya za ta murƙushe. Amma inda aikinsa kunnawa da kashewa ne kawai, kamar akwatin wutar mota, dole ya ƙoshi. In ya ƙoshi kuran na wucewa salin-alin, jikinsa da sanyi. In ka bar shi da yunwa, bai buɗe ba bai rufe ba, sai ya yi ta zafi yana cin kansa.

Sai abu na biyu, wanda ku ba ku taɓa tambaya ba don mitar awonku ba ta nuna muku shi da safe. Ko transisto na rufe ruf, akwai ɗan kuran da ke silalewa ta cikinsa, ba ya barci. Si Tayyib ya ce Nasara sun yi rowar suna, wannan ma satirasiyo suka ce masa. Ni yoyo nake kiransa. Da sanyi ba a bakin komai yake ba. Amma duk sa'ad da zafi ya hau digiri goma, yoyon nan kusan ninkawa yake, ya sake hawa goma ya sake ninkawa. Yoyo ya kawo zafi, zafi ya kawo yoyo. To ku faɗa mini, mu da muke bisa dutse, inda ko a bazara da asuba sai mutum ya ja bargo, in muka gwada kaya a inuwar shago muka ce ya gyaru, me muka gwada? Kayan nan gangarawa zai yi In Gezzam can bakin iyaka, inda ƙarfen mota ke toya ƙwai. Shi ya sa tsohon ya samo akwatin ƙarfe ya shafe shi da baƙin fenti, ya sa masa gilashi a bisa. Duk abin da za a tafi da shi ƙasa sai ya yi azahar ɗaya a ciki yana aiki. Ga shi can, shi na gada da Allah ya yi masa rasuwa, tare da mitarsa mai allura da wani ɗan zarto.

Masu kawo gyara kuwa, Allah ya ba ku haƙurinsu. Mutum zai naɗe rediyonsa da fata, ya ƙara da mayafi, ya toshe duk wata kafar iska don kar yashi ya shiga, sannan ya zo yana rantsuwa aljani ne ke kashe masa ita da rana. Wani ya kawo tele, wato talabijin, ya tsaya a kanka yana numfashi a wuyanka. Duk da haka a shekarun farko muna cikin rufin asiri. Masu kai Turawa yawon dutsen Asekrem suna kawo kayan motocinsu, kuma su mutane ne da suka san abin da hamada ke yi, in ka ce gobe ba sa musu.

Sai Turawa suka ɗauke ƙafa. Arewacin ƙasar nan ya rikice, kayan gyara na kirki suka daina saukowa, motocin yawon buɗe ido suka koma jigilar taliya da mutane zuwa iyaka. A wannan muguwar shekarar ce wasu transisto suka cika kasuwa, kwali-kwali, sababbi fil suna walƙiya, lambarsu daidai da ta asali, arha kamar ƙasa. Na sayi ɗaya na sa a akwati, bai kai la'asar ba. Na ce ba za su shiga shagona ba, na koma tonon tsofaffin tele da aka zubar ina ciro na asali ɗaya-ɗaya. A bakin kasuwa kuwa wani ya buɗe shago, mutane suka sa masa Yanzu-yanzu, don kafin ka shanye kofin shayi ya cire ya sa ya miƙo maka. Kowa ya koma can. Ni na wuni ina korar ƙuda, masu wucewa suna tambayata ko kilishin ya bushe.

Akwatin wutar wata motar hamada, kat-kat mai shan isansi, wato fetur, shi ne ya shigo hannuna cikin tsakiyar zafin shekarar nan. Wanda ya kawo shi Laminu ne, taubashina, ɗan kawuna, tare muka yi kiwon awaki a Tasawa. Direba ne, yana ja wa wani ɗan kasuwa, Alhaji Na-Allah, mota tsakanin nan da Arlit. Ya shigo da shuɗin rawaninsa yana wage baki.

"Bawana, tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Mota ta ƙi tashi, makaniki ya ce wannan abin ne."

"Ubangidan wa? Kai da aka saye ka da ƙwaryar dusa. Kawo in gani."

Ku da kuke ganin akwatin wuta kamar gwangwanin sardin, ku saurara. Transisto guda ne babba a ciki, yana kunna bobin, wato koyil, yana kashewa, duk kashewa bujji, wato fulogi, ya ba da tartsatsi. In ya tsaya, mota ta tsaya, ko tankinta cike yake. Na auna, nasa ya ƙone. Na ce ina da na asali da na ciro, zan sa yau da yamma, gobe ya yi azahar a bisa kwano, jibi su kama hanya. Laminu ya sosa ƙeya ya ce Alhaji ya riga ya tara fasinja, gobe da sassafe za a tashi. Na ce to Alhaji ya sallame su.

Kafin la'asar sai ga Alhajin da kansa, yana kaɗa makulli.

"Malam Isuhu, wai me nake ji? Ɗan abin nan ne sai jibi?"

"Alhaji, azahar ɗaya nake roƙo. Ban yarda da abin da ke ciyar da transiston ba, sai na ga yadda zai yi cikin zafi. Mutane za ka ɗora a motar nan, ba buhunan dabino ba."

"Kai dai ka cika tsawaita zance. An ce mini a bakin kasuwa yanzu za a gama."

"Za a gama, ta kuma tashi gobe da safe, har ka ce ni maƙaryaci ne. Amma wanda za a sa maka ba ya ƙoshi. In kun sauka ƙasa rana ta take, zai yi zafi, ya yi yoyo, wuta ta ɗauke."

Ya yi dariya ya dubi Laminu. "Ka ji taubashinka, wai ƙarfe na jin yunwa." Ya miƙa hannu ya ɗauke akwatin daga kan teburina. A shagona, a gabana! Na bi Laminu har bakin ƙofa na riƙe masa riga na ce kada ya ja motar nan. Ya ce, "Bawana, in na ƙi, gobe wani zai ja, ni kuma in ci me? Ina da 'ya'ya a Tasawa." Na ce to ya ji: in ta mutu da rana kar ya yi ta murza makulli yana kashe batir, ya buɗe bone ya bar akwatin ya huce, sanyi ne kawai maganinsa. Ya ce ya ji, malamin shanya. Na zage shi, ya rama, ya tafi yana dariya.

Washegari ina buɗe shago suka wuce ta gabana, mota na kuka lafiya lau, mutane jingim bisa kaya. Laminu ya danna mini oda har sau biyu don tsokana.

Labarin rasuwarsa ya riga komai isowa, a bakin direbobi, guntu-guntu. Cikakken bayani sai bayan makonni na same shi, ranar da wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon nan. Ta ce sunanta Hajiya Zuwaira, 'yar Maradi ce mai fataucin atamfa, tana cikin motar. Ta kwance bakin zanenta ta fito da akwatin wutar ta aje a kan teburin nan da kuke jingina, naɗe da yankin shuɗin rawani.

Ta ce yawancin fasinjan ba su da takardu, don haka Alhaji ya ce a bar babbar hanya a zaga bayan jandarma. Suna cikin yashi, rana ta take, mota ta yi tari ta mutu. Laminu ya buɗe bone suka jira. Da yamma ta tashi kamar ba ita ba. Amma a inda suke ba a tafiya cikin duhu, ba alama ba sawu, ga tsoron fitila ta jawo musu 'yan fashi. Washegari tun hantsi ta sake mutuwa. Tafiyar da aka ɗebi ruwanta ta yini biyu ta miƙe, ana ɗan taɓawa da safe, a kwanta ƙarƙashin mota a jira yamma. Jarkoki suka fara ƙara in an taɓa su. Ga mata, ga wata da jariri a goye.

Ta ce sai Laminu ya yagi rawaninsa ya naɗe akwatin, ya jiƙa shi kamar yadda ake yi wa salka, ya murza makulli da tsakar rana, mota ta tashi. Mutane suka yi kabbara. Amma zafin inji na busar da tsumman nan da nan, sai a tsaya a sake jiƙawa. Ruwan lagireto ba ya taɓuwa. Har fitsari an gwada, Malam, in ji ta, amma wa ke da fitsari a lokacin? Sai aka koma rabon ruwa da murfin jarka, kowa nasa, akwati ma nasa. Da mai jaririn ta fara suma, Laminu ya ce a ba ta rabon akwatin, shi zai san yadda zai yi. Shi ke rabon, shi ke zagayawa gaban mota. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ya sha nasa a can. Hajiya ta ce ita ta leƙa ta gan shi yana tsiyaya murfinsa bisa tsumman, ya lashi abin da ya rage a yatsa. Ta yi masa magana ya ce ta rufa masa asiri, direba raƙumi ne.

Ya kai su rijiyar Asamaka, ba wanda ya rasa ransa a cikinsu, har jaririn. Ya kashe mota ya kifa kansa a sitiyari. Sun ba shi ruwa yana amayar da shi. Ya ɗan farfaɗo, ya sa aka kwance akwatin, ya ce wa Hajiya in ta koma Tamanrasat ta nemi Mai Shanya a unguwar Gatalwad. "Ki ce wa bawana ya yi gaskiya, amma kar ya cika mini baki." Bai kai asibitin Arlit ba.

Ban yi kuka a gabanta ba, fushi ne ya zo mini. Washegari da hantsi na aika aka kira Alhaji Na-Allah, na je da kaina na jawo Yanzu-yanzu daga shagonsa, mutanen layi suka biyo mu. Na hau bisa kwanon nan na sa akwatin wutar cikin baƙin akwati, na jona batir da bobin da bujji, na kunna ɗan injin da ke juya shi. Tartsatsi na fita shuɗi, ƙyas-ƙyas-ƙyas. Alhaji ya ce, "To ga shi yana aiki." Na ce ya tsaya. Muka tsaya cikin rana, ban bar kowa ya nemi inuwa ba. Tartsatsin ya koma ja, ya fara tsallake, kafin ladan ya kira azahar ya ɗauke ɗif.

Na sauko da shi na ciro transiston, na sa ɗan zarton Si Tayyib na yanke hularsa. Na yanke na asalin da na so sa masa, wanda ke cikin aljihuna tun ranar, na jera su. Na asali zuciyarsa ta kai farcen ɗan yatsa. Na Yanzu-yanzu kuwa ƙwayar gero, an manna ta da farin gam a cikin ƙatuwar hula. Abin da zai riƙe wutar mota ke nan a hamada! Yanzu-yanzu ya ce shi lamba ya duba, lamba kuma ta yi daidai. Na ce lamba fenti ce, ɗan banza, ko jaki ka rubuta masa doki a goshi ba zai yi sukuwa ba.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Malam Isuhu, sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Wallahi da ba a riƙe ni ba da na aikata abin da zai kai ni gidan kaso. Na ce, "Alhaji, ni ma Musulmi ne, na san kwana na ƙarewa. Amma ba ƙaddara ce ta shigo shagona ta ɗauke akwati daga kan teburina ba, hannunka ne, ga shi nan da zobe. Azahar ɗaya na roƙe ka. Yanzu ka tsaya a nan ka ga tsawonta, ko ƙafarka ba ta gaji ba." Ya juya ya tafi, kuma bayan mako ya samu wani direban. Yanzu-yanzu ma bai rufe shago ba, har gobe yana nan yana cire-ka-sa, kuma ya fi ni ciniki. Kar ku zaci labarin nan ya gyara kowa. Ni na rubuta wa kawu wasiƙar ta'aziyya, ni na aika da kayan Laminu gida a buhu ɗaya.

Shi ya sa in na ji yaro ya riƙe ƙarfen liki wata uku yana cewa aikin ba wuya, nake jin kamar in kwaɗa masa mari. Cirewa da sawa ko biri ka koya masa zai yi. Aikin shi ne ka san ko abin da ka sa yana ƙoshi, ka san yoyonsa in ya ji wuta, ka kuma iya duban mai kuɗi a ido ka ce masa sai gobe. Ba ku san inda kayan da ya bar teburinku zai kwana ba. Rediyon mutumin Tazruk ɗin nan, kun tambaye shi? Ɗansa ne zai tafi da ita kiwo ƙasa wajen Tin Zawatin, ita ce abokiyar hirarsa.

To, Habu, tashi. Ɗauki rediyon ka sa a baƙin akwati ka hau da shi, ga rana ta fara yi. In mai ita ya zo ka ba shi shayi ka ce sai bayan la'asar, in ya yi faɗa ka turo mini shi. Ka riƙe akwatin ta gindi da hannu biyu. Tsumman nan da ka goge maiƙon hannunka da shi ɗazu rawanin Laminu ne.